Bugu Uku a Jikin Katako

Mutum zai yi kewar shekarun da ake mutuwa a bayansa, kuma a ce zuciyarsa lafiya take? Ni dai ban sani ba. Ita ma Effie Rennie ba ta sani ba, ga shi shekara huɗu da gama yaƙi tana auna gari a gidan burodin yayanta Dougal, tana juya tambayar.

A Faransa ita ce direbar motar kwasar sojojin da suka ji rauni. Winnie Tull kuwa nas ce, tana baya tare da su. Katako ne ya raba su, ƙarar inji ba ta bari a ji magana, sai suka ƙulla tasu dabarar. Bugu ɗaya, rage gudu, ramuka na azabtar da su. Bugu biyu, taka, jini na zuba. Bugu uku, babu sauran gaggawa.

Abin da Effie ba ta taɓa gaya wa kowa ba shi ne, da ta ji ukun nan sai kafaɗunta su saki. Sai ta ga gonaki, ta ga hasken rana kwance a kududdufi. Ɗan wata ya cika a bayanta, ita kuwa a lokacin take samun numfashi. Shi ya sa tun da ta dawo ba ta taɓa sitiyari ba. Amma kullum da safe in Dougal ya tayar da motar burodi, warin fetur ya shigo ta taga, sai tafin hannunta ya kama ƙaiƙayi, ta tsinci kanta tana kasa kunne ga bangon da babu kowa a bayansa.

Da wasiƙa ta zo daga Winnie cewa tana kwance, sai Effie ta hau jirgin ƙasa ta je asibitin masu tarin fuka. Ta same ta a baranda cikin bargo, ta rame kamar tsinke, bakin nan dai yana nan.

"Ke Rennie, wannan ƙiba fa? Burodin sayarwa kike, ko cinyewa?"

"Ke kuma Tull, an ce ki kula da majinyata, kin ƙwace musu gado."

Dariya ta tayar wa Winnie da tari. Da ya lafa ta ce, "Likita ya ce ba zan ga bazara ba. Gida nake so, wurin Mama, in ji ƙarar teku. Mil talatin ne, jirgi ba ya zuwa can, keken doki kuwa kafin rabin hanya ya zazzage ni. Ki aro motar yayanki."

"Dougal zai kai ki."

"Dougal! Mai faɗawa rami kamar yana neman wani a ciki? Ke nake so."

"Na daina tuƙi. Ba zan iya ba." Effie ta sunkuyar da kai. Can sai maganar da ta danne shekara huɗu ta fito, ta faɗa mata batun ukun, da kafaɗunta, da gonakin.



"Kina tsammani ni da na buga, me nake yi? Zama nake in miƙe ƙafa, sakarya. Wani lokaci har tuffa nake ci." Winnie ta gyara bargo. "Laifi ne ko ba laifi ba, ban sani ba. Tare dai muka yi."

"Duk da haka, in na ji ukun nan a hanya..."

"Wa zai buga? Ni ce nas, ni ce majinyaciya. In na tafi, shiru za ki ji."

Effie ta koma gida ba ta ce i ba.

Ranar Asabar da rana, bayan an gama rabon burodi, ta share bayan motar, ta shimfiɗa katifa biyu. A ƙofar asibiti aka kwantar da Winnie, tana mita wai za ta isa gida tana ƙamshin yis. Effie ta murza ƙarfen tayar da inji, ta hau, ta ɗora hannu a sitiyari. Ta zauna, mota na kaɗawa, ta kasa sakin birki.

Sai katako ya amsa a bayan kanta. Ɗaya. Biyu.

Ta riƙe numfashi tana jiran na uku. Bai zo ba.

Ta saki birki, ta taka.