Wanda Bai Iya Kwance Komai Ba

Shekara ashirin da biyu ina kwance matattun kayan lantarki. Ka kawo mini talabijin da ta mutu, kafin ka gama gaisawa da maƙwabta na raba ta: jan ƙarfe gefe, roba gefe, kusoshi a gwangwani. Ƙanina kuwa, Auta, ko sukudireba bai iya riƙewa ba. Ni na koya masa sana'ar, ko in ce na yi ƙoƙari. Wata shida yana hannuna, abin da ya ƙware a kai shi ne yanke yatsa. Da na gaji na sallame shi, sai ya kama fili a ƙarshen layinmu, yana karɓar kaya a hannun 'yan gwangwan yana jerawa a ƙarƙashin rumfa. Ba ya kwancewa, ba ya ƙonawa. In ka yi masa magana ya ce, "Zan yi, Yaya, ai ba gudu za su yi ba."

Ana nan sai ga doka ta fito. Aka ce daga yanzu duk kamfanin da ya ƙera abu, shi zai karɓi gawarsa in ya mutu. A kowace unguwa za a ba mutum ɗaya lasisi, a wurinsa za a riƙa tara kaya har motar kamfani ta zo ta kwashe. Wanda bai samu ba, ya nemi wata sana'ar. A unguwarmu mu biyu muka cika takarda, ni da Auta.

Da na ji har da shi, dariya na yi har da riƙe ciki. Inna ta ce, "Kai ne babba, ka ja ɗan'uwanka a jiki mana." Na ce, "Inna, ki bar shi ya gwada. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Takardar da aka ba mu shafi huɗu ce. Na karanta na farko, na sa hannu a na ƙarshe. Me za su koya mini a tsakiya?

An ce jami'ar hukuma za ta zo dubawa ranar Laraba. Tun Lahadi na tuɓe riga. Na ce sai ta ga aikin gwani. Firiji goma sha ɗaya na yanke wa bututu, gas na fita yana huci. Talabijin, rediyo, fanka, kwamfuta, babu wanda na bari da kusa ko ɗaya. Wayoyin na tara na cinna musu wuta, robar ta narke, jan ƙarfe ya fito yana sheƙi. Na share filin tas, na jera komai a buhunansa. Ranar Talata da yamma na leƙa wurin Auta, na tarar da shi kwance a benci, hula a fuska. Wallahi har tausayinsa na ji.

Jami'ar ta zo da hantsi, da safar hannu da wata 'yar na'ura kamar waya. Ta tsaya a tsakiyar filina tana waige-waige.

"Malam, ina kayan?"

"Ga su nan, ranki ya daɗe. Ban bar wa kamfani wahalar komai ba."

Ta ɗaga injin firiji ɗaya, ta dubi bututun da na yanke. "Gas ɗin fa?"

"Ya bi iska."

Ba ta yi dariya ba. Ta taka zuwa inda na yi ƙona, ta goga ƙasar da takalminta, baƙi ƙirin. Sannan ta yi mini bayani a hankali, irin yadda ake yi wa mai jinya. Kowane abu akwai lamba a bayansa. Da lambar ake gane kamfanin da ya ƙera shi, a tilasta masa ya ɗauka. Abin da aka farfasa ba shi da uba, babu kamfanin da zai amsa shi. Gas ɗin da na saki da hayaƙin da na tayar kuwa, saboda su aka yi dokar. "Yana shafi na biyu," in ji ta.

Da ina da hankali da na zauna a wurina. Ina! Na bi ta a baya har filin Auta, ina cewa a raina in dai ni ban samu ba, ai wannan malalacin ma ba zai samu ba. Ya miƙe daga benci yana mutsuke ido. Ta fara bin kayansa ɗaya bayan ɗaya tana ɗora na'urar a bayansu, na'urar na yin ƙit, ƙit, ƙit. Kowace ƙara sai na ji ta a haƙorina. Firijinsa har da ƙura da yanar gizo-gizo, amma ko ƙwarzane babu.

"Madalla," ta ce. "A inuwa, ba a fasa ba, ba a ƙona ba. Wa ya koya maka?"

Auta ya sosa ƙeya, ya dube ni. "Yayana ne ya koya mini sana'a."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Sati biyu bayan nan aka kafa allo kore a ƙofarsa. Aka ba shi riga mai tambari, ta yi masa yawa a kafaɗa, amma yana sawa kullum. Mutanen da suka shekara suna kawo mini kaya yanzu ta gabana suke wucewa, talabijin a ka, su ce "Sannu da hutawa," su yi gaba. Hutawa! Motar kamfani in ta zo sai ta yi ribas a daidai ƙofata kafin ta shiga wurinsa. Inna kuwa duk baƙon da ya zo sai ta ce masa autanta na aiki da hukuma.

Na sani bai cuce ni ba. Ya zo har sau biyu yana cewa in dawo mu yi tare, na ce masa ina da abin yi. Ba ni da shi. Kishi nake yi, ba zan ɓoye ba. In na hango rigar nan daga nesa sai in kau da kai. A ce mutum ya ci riba don bai iya komai ba?

Jiya da safe dutsen gugar matata ya mutu. Ta jijjiga shi, ta canza soket, shiru. Na ce ta miƙo in gani. Ina juya shi a hannuna na riga na san abin da ke ciki, na san nawa ne zai yi amfani. Na kai hannu zan buɗe bayansa, sai ta riƙe mini wuyan hannu.

"Don Allah, maigida, kar ka taɓa," ta ce. "In ka taɓa, Auta ba zai karɓa ba."