Manyan Rigunan Tela

"Ɗaga sosai mana, ko ba ka karya ba ne?" in ji Tela.

"Ni za ka koya wa ɗagawa? Hannun nan ya ɗaga abin da ya fi ka nauyi, tun lokacin da kake da nauyin."

Na sa hannu biyu na tallabo fatar cikinsa, na ɗaga ta kamar mai yaye labule. Yana kwance a bakin gado, fuskarsa na kallon bango, don bai taɓa yarda ya dubi wurin ba. Ni kuwa na duba. A ƙarƙashin ninkin, daga wannan ƙugu zuwa wancan, jan nan mai kama da ɗanyen nama ya fara dusashewa. Na jawo fanka da ƙafa na saita ta daidai wurin.

"Yaya?" ya tambayi bango.

"Gini ya fara shan iska."

Ni birkila ne, ko da yake na ajiye cokalin gini da daɗewa. Ban taɓa zama a aji ba, kuma ban ga abin da na rasa ba. Bene ya taɓa ruftawa ina ciki, da aka tono ni abin da na fara tambaya shi ne takalmina. Na faɗo daga saman gini na tashi na karkaɗe wando. Zazzaɓin da ya kwashe abokan aikina ya zo kaina ya sha kunya. Saboda haka in na ce muku na san jiki, ku yarda kawai.

Tela maƙwabcina ne, bango ɗaya ya raba mu. Ɗakinsa shi ne shagonsa: keken ɗinki a jikin taga, gado a kusurwa, ƙusoshi a bango sun sha rataye. A da, in ya zauna a kan keken nan sai ka rantse keken wasan yara ne. Yaran layinmu Tankin Ruwa suke ce masa. Ƙiba ta kai shi har ƙofarsa ta daina ɗaukarsa sai ya karkace, ni da kaina na fasa gefen bangon na faɗaɗa masa ita. Sai ciwon suga da hawan jini suka haɗu suka yi masa taron dangi, gwiwoyi suka ƙi. Bayan rasuwar matarsa, ɗansa ɗaya tilo, wanda ke aiki a can wani gefen gari, ya kai shi asibiti aka yi masa aiki aka rage masa tumbi.

Kitse ya narke kamar man da aka manta a rana. Amma ya tafi ya bar jakarsa. Fata ta zubo a ciki har ta rufe mara, ta zubo a damatsa, ta zubo a cinyoyi. Likita ya ce cire ta wani aikin ne daban, kuma zuciyar Tela ba za ta ɗauki wuƙa ta biyu ba.

To, tela dai tela ne. Abin da bai zauna daidai ba, sai ya kama shi da ɗinki. Ya samo wani ƙyalle mai sulɓi, irin na shafin kwat, wanda ko iska ba ta ratsa shi, ya ɗinka wa kansa ɗamara mai faɗi da maɓallai. Kullum da safe ya tattara fatar ya ɗaure tamau, ya ɗora riga a kai, ya zauna a kan keke kamar saurayi. Masu kawo ɗinki suna ta yaba masa. Ba wanda ya san zufa na can ciki tana aikinta.

Hancina ne ya tona shi. Tsohuwata, matata ke nan, ta aike ni da kwanon abinci, ina shiga na tsaya.

"Tela, me ya mutu a ɗakin nan?"

"Hancinka ne ya mutu."

"Wannan warin danshi ne. Na san shi a bango, yau ga shi a mutum."

Ya tashi zai kore ni, sai ya koma ya zauna, jikinsa na kyarma, goshinsa zafi rau. A ranar aka kira ɗansa, ɗan ya zo da wata nas. Da almakashin Tela ta yanke maɓallan ɗamarar. Abin da muka gani ba na faɗa ba ne a gaban mai cin abinci. Fata ta saɓule, ƙuraje sun zagaye ta, ninkin ya tsage yana ruwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, nan kuwa ba ƙadangare ɗaya ba ne.

Tun kafin a yanke, Tela ya ce ɗansa ya fita. Yaron ya tsaya a bakin faffaɗar ƙofar nan, ya ba mu baya. Daga nan ya yi magana.

"Baba, ka gama zama kai kaɗai. Na gyara maka ɗaki a wurina."

"A hawa na sama? Inda ba mai ce mini sannu sai tsuntsu? Nan uwarka ta bar ni, nan za a zo a same ni."

"To in ruɓewa za ka yi a nan fa?"

Nas ta raba su. Ta ce ga magani na sha, ga na shafawa, za ta dawo ƙarshen wata. Ɗan ya ce shi ke nan, in ta dawo ta tarar wurin bai warke ba, a ranar zai zo da mota, ba kuma shawara zai zo yi ba. Sai ta tambaya wa zai riƙa kula da wurin, tunda hannun mai ciwon ba ya iya ɗagawa da wankewa a lokaci guda.

"Ga ni," na ce. "Wa kuma kike nema?"

Yarinyar ta san aikinta, kusan kamar yadda na san nawa. Ta ce a wanke da ruwa mai ɗumi da sabulu marar ƙamshi. A tsane da tawul ta hanyar dannawa a hankali, ban da gogewa. A bar fanka ta busar sarai. A shafa magani siriri, sannan a shimfiɗa ƙyallen auduga mai laushi a cikin ninkin don kada fata ta haɗu da fata, in ya jiƙe a canja. Na ce mata in an ƙara da hoda mai yawa ai an gama.

"Baba, hoda da zufa me suke zama?"

"Me?"

"Kwaɓaɓɓen siminti."

Tunda ta yi mini magana da harshena, sai na bar mata.

Maganar ƙyalle kuwa, Tela ya hana a saya. Ya ce sabon yadi kaushi gare shi, ba abin da ya kai tsohuwar rigar da ta sha wanki laushi. Ya sa na jawo akwati daga ƙarƙashin gado. Manyan rigunansa na da ne a ciki, kowace ta isa a yi wa mutum uku rumfa. Ya ɗaga ɗaya, fara mai ratsin shuɗi, ya daɗe yana kallonta.

"Wannan marigayiya ce ta zaɓo mini yadin," ya ce. Ya mayar da ita ƙasan akwatin, ya ɗauko wata, ya sa almakashi.

Haka muka shiga aiki, safe da la'asar. Shi ya yanka, ni na shimfiɗa, tsohuwata ta wanke ta shanya. Igiyar tsakar gidanmu ta cika da dogayen tsummoki, har maƙwabta suka fara tambaya ko mun samu jariri ne.

"Mun samu," in ji tsohuwata. "Mai furfura, mai baƙin taurin kai."

Ba ciki kaɗai ba, har hammata da matsematsi. Ranar farko da na kai nan, Tela ya rufe fuska da matashi.

"Birkila, in ka gaya wa wani abin da ka gani, Allah ya isa."

"Me na gani? Na shiga ramin masai na gyara, na fito na ci abinci. Kai wane ne?"

Sai na ji matashin yana girgiza. Dariya yake yi.

Ranar da nas za ta dawo, na shiga da safe na tarar da shi tsaye a gaban madubi. Ashe ya mayar wa ɗamarar nan da sababbin maɓallai, ga shi yana kici-kicin ɗaurawa.

"Me zan gani haka?"

"Na yau kaɗai. Yaron nan zai zo. Ba na so ya gan ni kamar buhun da aka zazzage."

"Su iso da rana tsaka, kai kuma tun safe kana dahuwa a ciki? Ka ɗaura wannan, da kanka ka kira motar."

"Jikina ne ko naka?"

"Jikinka ne, amma aikina ne. Ban taɓa gama gini na bar mai gida ya watsa masa ruwa ba."

Na fizge ɗamarar. Tsufa bai taɓa hannun nan ba, na gaya muku. Na fita na wulwula ta na cilla saman rufi. Tela ya biyo ni har ƙofa, riƙe da cikinsa da hannu biyu, yana zagina da sunayen da ban ji ba tun ina yaron gini.

"Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo!" ya ce.

"In ta faɗo na sake jefawa."

Bai yi mini magana ba har na gama wankewa da busarwa. Ko "yaya" bai ce ba.

Suka iso bayan azahar, rana na dukan rufi. Motar ɗan tana bakin layi, na lura har ya kwantar da kujerun baya don kaya. Ya tsaya a ƙofa ya ba mu baya kamar wancan karon. Na ɗaga, nas ta zare ƙyallen ta shafa shi a bayan hannunta, ta sunkuya da 'yar fitila tana bin ninkin daga ƙugu zuwa ƙugu. Ba abin da ake ji sai fanka. Ni ban ji tsoro ba, na san aikina.

Ta miƙe ta kashe fitilar.

"Ya rufe. Saura duhun tabo, shi kuma ba ciwo ba ne." Ta juya wajen ƙofa. "Yallaɓai, abin da ake yi masa a nan, ban ga inda za a fi haka ba. Amma ba a dainawa. Ranar da aka daina, ranar zai dawo."

"Zuciyar fa?" in ji ɗan, bai juyo ba.

"Zuciya tana tare da shi ko'ina ka kai shi."

Yaron ya juyo. Sai ya tuɓe takalmi, ya naɗe hannun riga, ya shigo.

"Baba Birkila, nuna mini yadda ake riƙewa. Ranar hutu ni zan riƙa yi."

Na dubi Tela. Ya ƙara manna fuska da bango, amma bai ce a fita ba. Na kama hannun yaron na sa a ƙarƙashin fatar ubansa, na zare nawa a hankali. Ya ɗauki nauyin.

"Hannunka sanyi," in ji Tela. "Irin na uwarka."

Motar ta koma ba kowa a baya.

Tela ya ga ƙarshen zafin shekarar nan a ɗakinsa, ya ga farkon ruwa. Ya ci gaba da ɗinki, sai dai ƙananan gyare-gyare, don ƙafafunsa sun fara kumbura, numfashi kuma ya zama na awo. Akwatin ya yi ta raguwa. Da aka zo kan fara mai ratsin shuɗi, bai yi gardama ba. Ya shimfiɗa ta a kan gwiwa ya yanka ta da kyau, layi a miƙe, kamar wanda zai ɗinka wa babban mutum.

Wata safiya na wanke, na tsane, na saita fanka. Hasken taga ya sauka a kan keken. A waje mai gyaran takalmi yana ƙwanƙwasa akwatinsa yana wucewa.

"Yaya?" ya tambayi bango.

"Ƙayau. Ko fenti za a iya yi."

"Kai dai da cika baki za a binne ka."

"Sai dai ka jira. Ni bene ma ya gwada."

Ya yi 'yar dariya ta hanci. Na juya na ɗauko tsumma mai ratsin shuɗi, na shimfiɗa shi a cikin ninkin, na sauke fatar a hankali, na ce ya juyo mu yi hammata. Bai juyo ba. Na sake faɗa. Na dafa kafaɗarsa, sai ta biyo hannuna ba musu, abin da Tela bai taɓa yi ba.

Na yi salati. Na shafa idanunsa. Na ja zane na rufe shi har wuya kafin in kira kowa. Da suka zo ɗaukarsa, ƙofar da na faɗaɗa ta ba su hanya, ba wanda ya karkace. A ɗakinsa aka zo aka same shi, jikinsa a bushe, ba tsaga ko ɗaya. Wannan ku tambayi ɗansa in kuna tsammanin ƙari nake yi.

Washegari da la'asar hadari ya taso. Ina zaune a tsakar gida sai na ga tsummokin wankin ƙarshe suna nan a kan igiya, iska na kaɗa su. Na tashi.

"Bar su mana, Malam," in ji tsohuwata. "Wa zai sa?"

"Sun bushe," na ce.

Na kwashe su ɗaya bayan ɗaya kafin ɗigon farko ya sauka. Na shiga ɗakin Tela, na ninke su daidai yadda yake so, baki ya haɗu da baki, na ɗora a kan keken, mai ratsin shuɗi a sama.