Hedifon Biyu a Falonmu

Mijina Douwe ya yi rayuwarsa a ɗakin injin jirgin ruwan da ke tashi daga nan Harlingen zuwa tsibiri. Da ya yi ritaya sai ya dawo mini gida da ciwon gwiwa da kunnen da ba ya kama ƙaramar magana. Ga shi da son kiɗa kamar me. Fayafayansa sun cika kabad, yawanci na mawaƙan coci da masu busa ƙaho. Da ya gama karin kumallo zai ɗora ɗaya, ya murɗa sauti har kofuna su riƙa rawa a kanta.

Ni dai na saba. Amma bango ɗaya ne tsakaninmu da maƙwabta, kuma a kakar bara Nienke, matar gidan gefenmu, ta haihu. Wata safiya ta ƙwanƙwasa ƙofa, jaririya a kafaɗa, idanunta sun yi ja.

"Tjitske, don Allah ki yi haƙuri," in ji ta. "Ba faɗa na zo ba. Yarinyar nan ce, da ta fara barci sai ƙahon nan ya taso."

Kunya ta kama ni. Da ta tafi na isar wa Douwe.

"To a daina jin kiɗa ke nan a duniya saboda an haifi mutum ɗaya?" in ji shi. Amma ya kashe na'urar, ya wuni a kujera yana kallon taga kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Surukinmu Sjoerd ya kawo masa hedifon marar waya. Ko sati bai yi ba. Ya ce yana dafa masa kunne, yana matse masa sandar tabarau, kuma ana tsakiyar waƙa sai wata mata ta shigo masa cikin kunne ta ce batir ya kusa ƙarewa.

"Wa ya gayyace ta?" in ji shi, ya jefa shi cikin durowa.

Ran Asabar na ja shi muka hau jirgin ƙasa zuwa wani shagon kayan sauti a Leeuwarden, ya rungumo faifansa ɗaya a hammata. Mai shagon wata mata ce mai furfura, ba ta da gaggawa. Ta zaunar da shi, ta ɗora faifan, ta jero masa hedifon masu waya a gabansa. Da ya gwada na farko ya ce ganga ta danne kowa. Na biyu, mafi tsada a shagon, ya yaba sautinsa amma ya cire shi da sauri.

"Wannan ai kamar an ɗora mini tukunya a ka."

Na ukun ba shi da wani kyan gani. Baƙi ne, bayansa raga-raga, matashin kunnensa na karan-miski mai laushi. Douwe ya sa, ya lumshe ido. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Ni da matar muka shiga hirar jikoki, muka gama, bai ko motsa ba. Sai da faifan ya kai ƙarshe ya buɗe ido.

"Ashe mutum biyu ne ke busa a nan wajen," ya ce da ƙarfi, har wani mai sayayya ya waiwayo. "Ni duk zamana na ɗauka ɗaya ne!"

Matar ta ce idan matashin ya tsufa ana canza shi, wayar ma haka, ba sai an yar da abin ba. Wannan ya gama da shi, don Douwe ba ya ganin girman abin da ba a gyarawa. Kuɗinsa bai kai rabin na mai tsadar ba, ya biya ba tare da ƙunƙuni ba.

Gida ya yi tsit, na kwana biyu kawai. Daga nan ya fara bin waƙar da baki, shi kuma ba ya jin kansa. Muryar Douwe, Allah na gani, an yi ta ne don kiran mutum a cikin ƙarar inji. Na haɗu da Nienke wajen ajiye kekuna, tana ta danne dariya.

"Ƙahon dai ya tafi, mun gode," ta ce. "Amma saniyar da kuka ajiye fa, ba ta da lafiya ne?"

Da na gaya masa ya yi dariya har da tari. Muka shirya cewa in ya fara zan taɓa masa kafaɗa. A hankali ya koma gunguni ƙasa-ƙasa, wanda jaririya ba ta damu da shi ba.

Ni ban taɓa sa abin ba. Ina ganin kayan wasansa ne. Sai wata rana da azahar, ya tafi a duba masa gwiwa, ana ruwa, ina share kabad na ci karo da faifan da ƙungiyar mawaƙan garinmu ta yi tun muna 'yan mata. Yayata Baukje, wadda ta rasu, tana cikinsu. Na sha jin faifan ta lasifika, muryoyi ne kawai a dunƙule. Na ɗora shi, na zauna a kujerar Douwe, na sa hedifon.

Kafin a fara waƙa na ji an ja numfashi, na ji benci ya yi ƙara. Sai mata suka shigo ta kunnena na hagu, ɗaya ta ɗan riga sauran. Baukje ce. Haka take tun muna yara, ko addu'ar cin abinci sai ta riga kowa cewa amin. Na bi muryarta har ƙarshen faifan, na juya shi, na sake.

A haka Douwe ya shigo ya same ni, tsumman shara a cinya. Ya tsaya da rigar ruwansa tana ɗiga.

"Au, ɓarauniya! Kujerata da kunnuwana duka?"

"Zo ka ji Baukje," na ce.

Ya karɓa ya saurara, ya gyaɗa kai. "Ita ce. Ga ta can tana gudu."

Daga ranar muka fara rigimar wa zai sa. Da ya ga ba zan haƙura ba, ya koma Leeuwarden shi kaɗai ya sayo irinsa, da ɗan abin da ke raba waya biyu. Ya jawo kujerata kusa da tasa, don wayoyin ba su da tsawon da za a yi nisa da juna.

Ran Lahadi 'yarmu Hiske ta zo da rana. Ta danna ƙararrawa ta gaji, ta buɗe da makullinta, ta tarar da mu jingine, ido rufe, babu mai motsi. Ihun da ta yi ne ya ratsa waƙar.

"Mama! Baba! Za ku kashe ni! Na ɗauka..." Ta dafe ƙirji.

"Tukuna dai," in ji Douwe. "Saura gefe ɗaya na faifan."

Ta harare shi, ta tafi kicin tana mita ta ɗora miyar wake da ta kawo. Muka ci da baƙin burodi, ana ta tsokanarta, har ita ma ta fara dariya ta nemi ƙari.