Hon ɗin Merle

A garinmu Korrongil, motoci ne ke kewaye filin ƙwallo ranar Asabar. Namu ya ci, kowa ya danna hon har tumaki su watse. Merle, matar Clarrie Pfeiffer, ita kaɗai ba ta dannawa. Tun suna saurayi da budurwa ta rantse hon ɗin a-kori-kurarsu ba zai yi kuka ba sai ran da Clarrie ya ci.

To Clarrie ɗan baya ne, kuma Allah bai ba shi saiti ba. Gashinsa ya yi furfura a kulob ɗin nan, bai taɓa ratsa ƙwallo tsakanin manyan sandunan gola ba; irin ƙwallonmu da hannu ake cafkewa, a buga da ƙafa tsakanin sanduna. Ko ƙofar rumbun alkama ka buɗe masa, sai ya samu bango.

Kakar wasan da nake ba ku labari ita ce ta ƙarshe. Samari sun gudu birni, za a haɗe mu da kulob ɗin maƙwabta, Clarrie kuma gwiwa ta ce ya isa. Mu ne na ƙarshe a gasar, ba abin da za mu rasa. Ranar wasan ƙarshe muka tura Clarrie gaba, muka bi motoci muna roƙo: in ya ci, kowa ya bari Merle ta fara.

Muka yi ta ɗura masa ƙwallo yana ɓarar da ita, har na fara jin haushi. Dab da tashi ya cafke wata a bakin sanduna, inda ko jaka ba za ta kuskure ba. Ya buga. Ta shiga!

Fili ya yi tsit. Muna kallon Merle tana danna sitiyari da hannu biyu, ba ko ƙis. Wallahi sai da tausayinta ya kama ni.

Clarrie ya ɗingisa zuwa tagar motar yana sosa ƙeya.

"Merle, na cire hon ɗin tuntuni. Na sa wa tarakta."

"Ba ka taɓa zaton za ka ci ba ke nan?"

Ta tada mota ta fita, ko kallonsa ba ta yi ba.

Muna ɗakin kulob ana shan shayi da kek, sai muka ji rugugin tarakta. Merle ce. Ta tsaya daidai inda ta saba ajiye mota, filin ba kowa, ta ɗora hannu a kan hon, ta ƙi ɗagawa.