Wanda Ya Fara Ba Waliyyu Ƙwaya

Tun da na hango Malam Rufa'i ya jingine kekensa a bakin fadamata a Kashin Zama, ya kutso cikin albasa da takalminsa, na san ba alheri ya kawo shi ba. Shi aka ɗora wa sauraron damuwar yara a ƙaramar sakandaren da ɗana Waliyyu yake aji biyu a Aliero. Lokacin shekararmu biyu da samun jihar Kebbi.

Ya ce, "Malam Almu, yaronka ba shi da lafiya. Hannunsa rawa yake, jiya ana tsakiyar lissafi ya fashe da kuka. An samu ƙwaya a aljihunsa. Shugaban makaranta ya ce in ya faɗi wanda ya fara ba shi, za a bar mini shi in kula da shi har ya daina. In ya ƙi, kora ce. Gobe ka zo."

A wajenmu lokacin dashe, mai fadama kan saya wa 'yan ƙwadago ƙwayar hana gajiya, a narka ta a ƙwaryar farau-farau, su yini suna ban ruwa. Ni ma haka nake yi. A hutun da ya wuce kafin wannan, da rana ta yi tsaka Waliyyu ya fara layi, ni da hannuna na miƙa masa ƙwaryar na ce, "Kurɓa, namiji ba ya raki."

Washegari na tarar da Alhaji Tamu, shugaban ƙungiyar iyayen yara, zaune a ofishin makaranta. Sahu ɗaya muke sallah da shi. Waliyyu na tsaye, rigarsa ta yi masa yawa.

Shugaban makaranta ya buga tebur. "Kai, wa yab ba ka? 'Yan tasha ne?"

Waliyyu ya sunkuyar da kai.

Malam Rufa'i ya sassauta murya. "Waliyyu, ba duka za a yi ba. Suna ɗaya kawai, ka koma aji."

Alhaji Tamu ya ce, "Duk wanda ya lalata yaron ga, wallahi sai mun kai shi gaban alƙali. Ko ba haka ba, Almu?"

Na ce haka ne. Ban tsaya nan ba. Na juya na daka wa ɗana tsawa: "Ka buɗe baki mana, ɗan banza! Ana tambayarka!"

Ya ɗago ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Sannan ya ce, "Ni na tsinta, Baba."

Aka rubuta takardar kora. A bakin ƙofa Malam Rufa'i ya riƙe hannun rigata ya ce, "In akwai abin da ka sani, har yanzu tawada ba ta bushe ba." Na ce masa Allah dai ya shirya mana zuri'a, na hau kekena.

Kwana tara Waliyyu ya yi a gida, yana gaishe ni safe da yamma, ba ƙari. A na goma aka gan shi a tashar Jega bisa motar albasa mai zuwa kudu. Sai bayan mako guda na je na gaya wa Malam Rufa'i gaskiya. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ni kake gaya wa yanzu?"

Na bi direbobi ɗaya bayan ɗaya, har Maiyama na je wajen ƙanen uwarsa. Yau damina uku ke nan da tafiyarsa. Ban san garin da ya sauka ba, ban kuma san ko har yanzu yana sha ba.