Lafiya Lau Har Gindin Dutse

Saloma ba ta so tafiya da surukarta ba, kuma ba ta ɓoye ba. Alkawari ne tsakaninta da Allah: za ta taka da ƙafa daga ƙauyensu na hanyar Danko har dutsen da ke bayan Zuru, inda masu bi suke taron addu'a kowace bazara, ta miƙa sunan ɗanta Gabriel kafin a rufe taro da faɗuwar rana. Soja ne, an tura su Darfur, kuma tun damina ba wanda ya ji ɗuriyarsa. To me ya kawo tsohuwa cikin wannan? Amma gari na wayewa sai ga Mama Leah a ƙofar gida da sandarta, ta ce ai jikanta ne. Mijin Saloma ya duƙufa gyaran ƙotar fartanya, kamar ba uwarsa ke magana ba.

Ba ƙafar tsohuwar ce matsala ba, don tana hawan tudu ko haki ba ta yi. Bakinta ne. Mama Leah ba ta wuce mutum ba ta gaishe shi ba, kuma gaisuwarta ba ta "sannu" a wuce ba ce. Sai ta tambayi gajiya, ta tambayi gida, ta tambayi akuyar da aka ce ta ɓata bara. In an kawo ruwa kuwa sai ta nemi gindin ɗorawa ta zauna, don a wurinta ƙin ruwan mutane zagi ne. Saloma na tsaye gefe da ƙullin garin gero a ka, tana kallon rana tana cizon leɓe.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne tambayar da ba ta fashi: "Ina soja?"

"Lafiya lau," Saloma kan yi maza ta amsa. Haka take cewa a kasuwa, haka take cewa a coci. Kusan kowane gida a ƙasar Zuru akwai soja, kuma ba a san uwar soja da kuka a hanya ba.

"Ba lafiya ba," in ji tsohuwa. "Ba mu san inda yake ba."

Shi ke nan, an buɗe sabon babi. Wajen azahar suka iske Malam Muntaka, wani manomi Bakabe, yana sharar gona. Da ya ji haka sai ya yar da adda.

"Subhanallahi! Wanga yaro da ka kama mani shanu in sun ɓalle? Mi ag gaugawa, Inna, ku tsaya." Ya ɗaga hannu ya shiga addu'a, ya yi ta yi, tsohuwa na amsa amin da ƙarfi har da gyaɗa kai. Saloma ma ta ce amin, amma a ranta cewa take: Malam, ka taƙaita, rana ba ta jira.

Gaba kaɗan wani ɗan kabu-kabu ya tsaya musu. Saloma ta ji kamar an sauke mata dutse daga ka.

"Mama, ki hau ki jira ni a Rikoto, can bakin Zuru. Ni na yi alkawarin ƙafa, ba ke ba."

"In hau ƙarfe in wuce mutane fuu kamar ɓarauniya? Yaro, yi gaba. Ya mutanen gidanku?"

Har shi sai da ya ji labarin Gabriel kafin ya tayar da babur.

Lokacin da suka bar Rikoto a baya, diddigen Saloma ya tsage, maƙogwaronta ya bushe, rana kuwa ta yi ja tana shirin faɗawa bayan tuddai. Tun daga nesa ta jiyo waƙar rufe taro. Da suka iso gindin dutsen, jama'a saukowa suke yi, matan zumuntar coci cikin zani iri ɗaya, kowa da tabarma a hammata.

Saloma ta dire ƙullinta a ƙasa.

"Kin gani ko, Mama? Kin gaida akuya, kin gaida kaza, kin tallata mu a kowace gona, ga shi an tashi! Yanzu wa zai yi masa addu'a?"

Tsohuwa ta zauna kan wani falalen dutse tana murza gwiwa.

"Uwar Gabriel, wa ke yi wa mai lafiya addu'a? Tun damina kike ce wa mutane lafiya lau. Sun yarda da ke, sun koma sha'aninsu."

Haushi ya kwashi Saloma. Ta juya ta kama hawa ita kaɗai, ko duwatsu ne ta faɗa musu sunan. A tsakiyar hawan ta yi kiciɓis da wata mata, ta ƙarshen masu saukowa, da tulu a ka. Ba su san juna ba.

"Sannu da hanya, 'yar'uwa. Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ina gida? Ina yara?"

Saloma ta buɗe baki. "Lafiya lau" na nan a kan harshe inda ta saba zama, amma ta ƙi fita.

"Ban sani ba," ta ce, hawaye suka ɓalle mata. "Ɗana ne. Ban san ko yana da rai ba."

Matar ta sauke tulun a hankali. Ta leƙa ƙasa ta ƙwala wa 'yan'uwanta kira su dawo, sannan ta kama hannun Saloma, suka fuskanci sama.

"Yaya sunansa?"