Tukwanen Gayyar Afiniki

Hayaƙin gidan Meshak ne ya riga na kowa tashi a Unguwar Kumai ran nan. Kafin jirgin ƙasa na safe ya yi kuka daga wajen Kafanchan, matarsa Afiniki ta riga ta sauke faten acca, wake kuma yana tafasa da manja a ɗaya murhun. Manyan tukwanen ƙasa ne guda biyu, irin waɗanda ba a fito da su sai ranar gayya. Accar nan ita ce ta ƙarshe a rumbu. Sai da ta share ƙasan rumbun da tafin hannu, domin ba a tara garada a gona a ba su haƙuri su ci.

Gonar tana bayan dutse, kuma ita kaɗai ta rage ba huɗa a duk kwarin. Ruwa ya zauna, dawar maƙwabta har ta fara kaɗa ganye, ta Meshak kuwa ciyawa ce ke cin kasuwarta. In makon nan ya wuce ba a huɗe ba, shuka ta makara, ita da 'yarta Edna za su shiga rani da rumbu wayam.

Damina ta uku ke nan Meshak yana gidan yari a Kaduna. Mutanen unguwar ne suka gaji da dagacin da ake aiko musu daga nesa, mutumin da ba ya jin yarensu, bai san kabarin kakan kowa ba, amma shi ke yanke musu iyakar gona. Suka kafa ƙungiya suna neman a ba su nasu. Malam Silvanus, hedimastan makaranta, shi ke tsara koke, Meshak kuma yana bi gida-gida da bakin nan nasa da ba ya sanyi. Da koke ya ƙi ci, suka tsinki ɗanyen ganye, maza da mata, suka taka har ofis a Kafanchan suna waƙa. Can aka yi ture-ture, wani ya yi jifa, dutse ya fasa goshin ɗan sanda. Har yau ba wanda ya san hannun da ya yi jifan, ko kuma dai kowa ya sani. Da aka ce za a kwashe mazan unguwar kaf ana tsakiyar girbi, Meshak ya miƙe ya ce shi ne.

Ranar da aka tafi da shi, dattawa suka ɗaga garma sama a harabar coci, suka yi alkawarin gonarsa ba za ta rasa huɗa ba har ya dawo. Daminar farko mutane sun yi wa gonar yawa, har ana cacar baki a kan wanda zai kama gefe. Ta biyu rabi suka zo, suka kuma tashi da wuri, don a shekarar ciwon baya ya addabi unguwar ba kaɗan ba. Bana kuwa sai da Afiniki ta yi ta safa da marwa gidan Baba Kambai, mai busa ƙahon gayya, kafin ya yanke mata rana.

A Unguwar Kumai abincin gayya ba kyauta ba ne. Duk wanda ya sa hannu a tukunyar, aiki ya hau kansa, ko yau ko gobe sai ya zo da garmarsa. Shi ya sa ba a wanke tukunyar gayya sai an gama huɗar. Takan zauna a ƙofar gida da ƙanzonta, ƙudaje na bi, wanda ya ci ya wuce ya gani ya tuna. Ranar da aka ga an wanke ta an kife, to an sallami kowa.

Afiniki ta rufe tukwanen, ta goya Edna, ta saɓa garmar mijinta ta nufi gona don ta tarbi mutane. Ta zauna a gindin ɗorawa tana sauraron ƙaho. Rana ta ɗaga, raɓa ta bushe. Abin da ya zo kunnenta daga baya ganga ce, daga wajen filin makaranta.

Can sai ga Baba Kambai yana gangarowa, ba garma, sanye da rigar zuwa coci, ƙahon na reto a wuyansa.

"Maman Edna, sannu da aiki," in ji shi, yana kallon ciyawa.

"Yawwa Baba. Ina mutane?"

"Ashe ba ki ji ba? Jiya da yamma mota ya kawo saƙo. Gwamnati ya yarda. Yau manya za su zo daga Kafanchan su ba Malam Silvanus sanda. Mun samu dagacinmu, 'yata. Wahalan mijinki bai faɗi ƙasa ba."

Afiniki ta dafe ƙirji. Ita ma ta riƙe ganye ran nan, ita ma ta sha kulki a kafaɗa. Hawaye suka zubo mata, kuma na murna ne, ba ƙarya.

"Mun gode wa Ubangiji," ta ce. Ta share ido da gefen zane. "Amma Baba, na dafa abinci. Me ya sa ba wanda ya faɗa mini?"

"Ni na ɗauka ƙawarki Regina ta faɗa miki. Ita kuma wai ta ɗauka ni zan faɗa." Ya gyara igiyar ƙahon. "Za mu sa wani rana."

"Da wane acca?"

Ya ce ana jiransa ya busa wa baƙi, ya juya ya hau dutsen da saurin da ba ta san yana da shi ba.

Ta kwance Edna a inuwa, ta kama garmar. Garmar namiji ce, an ƙera ta daidai ƙarfin Meshak, kowane sara sai ta ji shi har cikin ƙugu. Ta ja layi ɗaya, ya karkace. Iska tana kawo mata waƙar matan zumunta na coci a gutsure, kuma a cikin waƙar ta ji sunan mijinta sarai, ana ta maimaitawa ana guɗa. Ba ta taɓa jin kaɗaici irin na wannan hantsin ba, ko ranar da aka rufe ƙofar mota a kansa.

Da rana ta take ta koma gida don ta ba yarinyar ruwa. A ƙofa ta tarar da Regina, ƙawarta tun suna 'yan mata, da Clara matar Malam Silvanus, dukansu cikin ankon zumunta, gumi na zuba. Clara haihuwar Kaduna ce, malamar asibiti, mace mai son mutane. Ba ta daɗe a unguwar ba, har yanzu takan tambayi sunan ganyen da aka sa a miya.

"Maman Edna, ki rufa mana asiri," in ji Clara. "Baƙi sun fi yadda muka zata. Shinkafa ya ƙare, ko 'yan unguwa ba su ci ba. Regina ta ce kina da abinci a ƙasa."

Afiniki ta dubi Regina. Regina ta sunkuya tana gyara wa Edna ɗankwali.

Da farko zuciyarta ta tafasa. Sai kuma wani tunani ya faɗo mata, har ta ji kafaɗunta sun saki. Da a gona ne, mutum nawa za su zo? Amma yau unguwar duka tana filin makaranta, kuma duka da yunwa.

"Regina, kin san ko wane irin abinci ne wannan."

"Haba, ni za ki faɗa wa? Na sani mana."

"To ku ɗauka."

Ta wanke ƙafa, ta ɗaura zanen da ya fi dama, ta bi su. An tanadar mata kujera a gaba, kusa da fasto. Sabon dagaci ya yi jawabi da sanda a hannu, ya ce in ba don Meshak ba da yau ba ta zo ba, ya sa ta miƙe aka tafa mata har tafin ya ba ta kunya. Ita dai idonta yana kan tukwanen. Ta ga samarin unguwa sun yi layi da kwanoni. Ta ga dattawan da suka ɗaga garma a harabar coci suna suɗe yatsu. Baba Kambai ya yi ƙari. Dagacin da kansa ya ture shinkafar baƙi ya ce a zubo masa fate, wai ya yi kewar hannun Maman Edna. Ba wanda ya ci bai san tukunyar ba, domin kowa a unguwar ya san tsagar da ke bakin babbar.

Ta koma gida da yamma tana 'yar waƙa. Ta share gefen ƙofa inda za a ajiye tukwanen da ƙanzonsu, daidai inda mai wucewa zuwa rafi ba zai iya kau da kai ba.

Washegari da sassafe ta ji ƙugin mota. A-kori-kurar da ke mayar da bencinan coci ce ta tsaya a ƙofarta. Clara ta sauko daga gaba da fara'arta, direba ya sauke tukwanen a hankali.

Suna ƙyalli. An goge su ciki da waje, har baƙin hayaƙin da ya shekara a gindinsu ya fita. Ƙamshin sabulu na tashi.

"Ga kayanki, mun gode ƙwarai," in ji Clara. "Na ce ba zai yiwu mace ta fitar da mu kunya mu mayar mata da tukunya da datti ba. Da hannuna na wanke."

Afiniki ta durƙusa ta zura hannu cikin babbar, ta shafa ƙasanta, ta bi gefe da yatsa har zuwa tsagar bakin. Ko ƙwayar acca ɗaya ba ta maƙale ba.

Ta ɗago ta dubi Clara. Babu komai a fuskar matar sai jin daɗin wanda ya yi abin kirki. Ba ta sani ba, kuma ba laifinta ba ne, a Kaduna ba a gayya.

"Madam, ke kaɗai kika yi wannan aiki?" ta tambaya a hankali.

"Ina! Ai mutanen nan suna sonki. Regina da matan zumunta ne suka yi ta ɗebo mini ruwa. Baba Kambai ma yana zaune a wurin, shi ya nuna mini inda zan samu yashi mai laushi na goge ƙanzon."

"Ba wanda ya ce miki komai?"

"Kamar me?"

"Ba komai," in ji Afiniki. "Sannu da ƙoƙari. Ki gai da mai gida."

Motar ta tashi. Afiniki ta tsaya har ƙarar ta ɓace. Mata sun fara wucewa zuwa rafi da tuluna, suna gaishe ta da murya sama-sama, idanunsu a kan hanya. Ta ɗauki tukwanen ɗaya bayan ɗaya ta kife su a wurin da ta share jiya, yadda al'ada ta ce a yi. Sannan ta goya Edna, ta saɓa garmar, ta kama hanyar bayan dutse.